Filin da Babu Shi a Takarda

"Kai! Ɗaga digar nan daga ƙasa!"

Leburan da ke haƙa ya tsaya da diga a sama, ya waiwaya. Baffa Hammajoda ne, tsohon da kwana tara ke nan ko alwala sai an riƙe shi. Ga shi tsaye tsakiyar fili, ba hula ba takalmi, ya dogara sanda, ƙafafunsa na rawa kamar na maraƙin da aka haifa yanzu.

Liatu maƙwabciyarsa tana bakin tanda tana juya masa sa'ad da ta ji muryar. Ta saki cokali ta ruga. Masar ranar nan duk ta ƙone, kuma har ta tsufa ba ta bar ba da labarin ba.

Malam Sabitu, akawun da ke kula da fulotan unguwa, ya matso da taswirarsa naɗe a hammata. Mutum ne mai ladabi, sai dai ya yarda da takarda fiye da idonsa.

"Baffa, ramin tuta ne kawai. Ran Asabar za mu karɓi mulkin kai, kowace unguwa za ta ɗaga tata."

"A kafa a kasuwa."

"Kasuwa da cunkoso, Baffa."

"To, makaranta."

"Nan ne tsakiyar unguwa. Kuma filin nan ba na kowa ba ne."

Tsohon ya buɗe baki, ya rufe. Can ya ce, "Da mai shi."

"Wa?"

Baffa ya dubi wani tsohon kargo da ke taku uku daga ramin. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, Liatu ta tare shi kafin ya kai ƙasa. Ta ce daga baya ko nauyin damin gero bai kai ba.

Wanda bai san Unguwar Turaku ba, bari a kwatanta masa. Idan ka fita ganuwar Bauchi ka miƙi hanyar Tirwun, kafin ka kai rafi akwai shimfiɗaɗɗen wuri a gindin wani dutse mai kama da tukunya a kife. Da can burtali ne, hanyar shanu, ba komai sai kargo da sabara da sawun kofato. A shekarar hamsin da ɗaya aka ce birni ya cika, za a yanka sabuwar unguwa a wurin. Aka zana ta a ofis tun ba a aza ko tubali ɗaya ba: layi takwas miƙaƙƙu daga dutse zuwa rafi, kowane layi gida ashirin, rijiya biyu, kasuwa, makaranta, filin masallaci a gabas, na coci a yamma. Shekara guda cur ba abin da ke tsaye a wurin sai turakun awo, shi ya sa sunan ya bi ta. Sannan mutane suka fara zuwa: tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama, magina, malaman asibiti, 'yan birni da gidan gado ya yi wa kaɗan, mutanen Zungur masu neman aiki, da Fulanin da suka gaji da yawo. Aka shuka darbejiya a bakin kowane layi. Mu da muka taso a lungunan birni, inda in jaki biyu suka haɗu sai ɗaya ya koma da baya, wata uku muka yi muna ɓata gidajenmu don ko'ina iri ɗaya ne. Akwai wadda ta shiga gidan mutane har ta ɗora tukunya, amma ba zan kama suna ba, jikokinta suna nan.

Abu ɗaya ne bai yi daidai da sauran ba. Tsakanin bayan Layi na Huɗu da bayan Layi na Biyar akwai wani siririn fili, faɗinsa taku ashirin da biyu, ya ratsa unguwar daga dutse har rafi. Ba a ba kowa ba, ba a ce ga abin da za a yi da shi ba. Mata suka sa masa suna Gyara, wai irin ɗan ƙarin da mai awo ke zuba miki bayan ya cika mudu. Nan ake ɗaure awaki, nan ake shanya kuka. Kowa kuma ya san Baffa Hammajoda yana cikin waɗanda suka ja sarƙar awon unguwar, saboda haka ya sha tsiya.

"Baffa, shanu ka iya ƙirgawa, ƙasa ta gagare ka!"

Sai ya yi murmushi ya ce, "Ƙasa ba ya tsayawa a ƙirga shi." Hausarsa ke nan, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Shekara takwas yana kiran Liatu "kai".

Da la'asar ɗin ranar da ya faɗi, ya sa a kira masa Irmiya, mijin Liatu. Irmiya kafinta ne yanzu, amma lokacin awo shi ke riƙe ɗaya bakin sarƙar. Liatu ta biyo shi da kwanon kunu, kunun da ba wanda ya ce ta kawo. Inna Kubura, matar Baffa, tana zaune bakin ƙofa tana tsince wake, kanta a sunkuye.

"Irmiya," in ji tsohon, muryarsa can ƙasa. "In abin ya zo, kada a kai ni maƙabartar birni."

"Baffa, za ka tashi."

"Kai, bar wannan. Na ga saniya ta kwanta irin kwanciyata, na san shi. A Gyara. Wajen kargo."

Irmiya ya daɗe yana kallon hular da ke hannunsa. Ya ce, "Na ji, Baffa."

Liatu ta dubi mijinta, ta dubi tsohon, ta dubi Inna Kubura. Wake ɗaya Inna take juyawa a yatsa tun ɗazu, ba ta jefa shi a kwano ba, ba ta yar ba.

Ko zaure ba su gama fita ba ta cafke rigar mijinta.

"Baban Toma, 'na ji' me? Kai ne hukuma? An taɓa binne mutum a unguwar nan? Me ke tsakaninku?"

"Ba komai."

"Ba komai ne ya sa kunnenka ya yi ja?"

Irmiya mutum ne da za ka zauna da shi wuni guda ka fita da kalma huɗu. Amma shekara goma sha biyar da aure ta koya masa cewa yin shiru gaban Liatu ƙarin aiki ne. Ya zauna a kan bencin aikinsa, ya faɗa mata.

Yadda ake awon, in ji shi, mutum biyu ke jan sarƙa mai tsawon taku ashirin da biyu. Na gaba yana riƙe da tsinken ƙarfe goma, duk inda sarƙa ta ƙare sai ya soke ɗaya a ƙasa. Na baya yana tafe yana tsincewa. In goma suka taru a hannunsa, sai ya yi kira, Baturen safiyo ya rubuta sarƙa goma. Baffa ne a gaba, don ba wanda ya kai shi miƙe layi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kora shanu a wannan burtalin, ya san kowane tudu da kwari tun kafin Bature ya leƙa madubin awonsa. Shi ya ce kada a haƙa rijiya inda aka zana, ruwan wurin zartsi ne, aka gwada aka tarar haka ne. Shi ya ce a ja Layi na Takwas baya daga rafi, da yanzu damina ta cinye shi.

"Wannan duk na sani," in ji Liatu. "Zo kan maganar."

"Ranar da muka ja babban layi, wanda duk sauran suka fita daga jikinsa, Baturen zazzaɓi ya kama shi, yana zaune can inuwa. Muka iso wajen kargon nan. Baffa ya tsaya ya dubi inda turken titi zai faɗa. Sai ya dawo baya ya miƙo mini hannu, ya ce, ba ni ɗaya."

"Ɗaya me?"

"Tsinke. Cikin waɗanda na tsince. Na ba shi. Ya sake soke shi a gaba. Muka ja sha ɗaya, na kira goma."

Liatu ta dafe ƙirji. "Wato Gyara ba kuskure ba ne?"

"A'a."

"Don me ya yi?"

"Ban tambaya ba."

"Ba ka tam... Shekara tara! Shekara tara kana kwana kana tashi da wannan magana a cikinka, ina ba ka tuwo kana ci, ko tari ba ka yi ba?"

"Da na faɗa miki," in ji Irmiya, "da Bature ya ji kafin ya kai gida."

Washegari da hantsi ta sami Inna Kubura a bayan ɗaki tana wanke zanen jinya. Ta tsuguna ta kama mata matsa. Liatu ta iya zance: ta fara da tsadar gishiri, ta bi ta kan surukar wance, ta gangaro kan 'ya'yan Inna biyu da ke kiwo wajen Zungur, an aika musu ko? An aika. Bakari ne babba ko?

"Shi ne babba a waɗanda kika sani," in ji Inna.

Liatu ta bar matsa.

"Inna, kun taɓa sauka a nan da shanu? Tun kafin unguwa?"

"Mun yi wata damina." Ta ɗauraye zane, ta sake ɗaurayewa ko da yake ya fita. "Shekarar da ƙyanda ta yi yawa. Akwai wata 'yar mutane a rugarmu. Ta fara tafiya ke nan. Ba ta tashi tare da mu ba."

"'Yar wa, Inna?"

Inna Kubura ta kau da kai ta dubi katanga.

Liatu 'yar Zungur ce, ta girma kusa da rugage, ta san abin da wannan kau da kai yake nufi. Bafulatanin kirki ba ya kama sunan ɗansa na fari. Ba ya ɗaukarsa gaban mutane, ba ya cewa nawa ne, ko da rai ko ba rai. Kunya ce, kuma a wurinsu ta fi ciwo ƙarfi. Shekara talatin da wani abu, mata da miji, kowa ya san abin da ke gindin kargon nan, kuma ko a tsakaninsu ba wanda ya taɓa furtawa. Da aka zo raba fuloti, Baffa ya ƙi na bakin kasuwa da aka ba shi don girmamawa, ya zaɓi na Layi na Huɗu wanda bayansa ke kallon Gyara. Har dariya aka yi masa.

"Inna," in ji Liatu a hankali, "Malam Sabitu ba zai bari ba in bai san dalili ba. Jibi za su zuba siminti. In na faɗa..."

"Ni ban gaya miki komai ba," in ji Inna Kubura. Ta miƙa mata bakin zane. "Kama mu shanya."

Liatu ta sami Malam Sabitu a ƙofar gidansa a Layi na Shida, yana goge kekensa. Ta gaishe shi har ƙasa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta faɗi buƙatar Baffa. Dalilin ta riƙe shi tukuna.

"Maman Toma, ba zai yiwu ba. Babu maƙabarta a taswira. Unguwa ce ta tsari, kome da wurinsa."

"Haka ne, Malam. Ni ban yi karatu ba, aji biyu na yi na gudu. Don Allah nuna mini gidana a takardar nan, in gani ko sau ɗaya."

Ya ji daɗin wannan. Ya warware taswira a kan sirdin keke, ya aza yatsa. "Ga Layi na Huɗu. Ga naki, ga na Baffa."

"Ikon Allah! Wannan fa?"

"Layi na Biyar."

"To ina Gyara?"

Yatsan Malam Sabitu ya yi sama, ya yi ƙasa. A takarda, bayan gidajen Layi na Huɗu manne yake da bayan na Layi na Biyar, ko akuya ba za ta ratsa ba. Shekara shida yana yawo da takardar nan a hammata, yana ratsa Gyara safe da yamma, bai taɓa haɗa su biyun a ransa ba.

"Wata... wataƙila wajen kwafi ne."

"Wataƙila. To in takarda ce mai gaskiya, ashe daga Layi na Biyar har na Takwas kowa ya gota taku ashirin da biyu. Naka gidan ma, Malam, a kan titi yake zaune. Ni dai ba zan faɗa wa kowa ba."

Ta bar shi da baki buɗe, ta wuce rijiyar gabas da tulun da ba ta buƙatar cikawa.

Maganar abin da ke gindin kargo, mutum ɗaya tak ta gaya wa, Maimuna matar liman, kuma sai da ta sa ta rantse. Kafin azahar labari ya kai Layi na Takwas ya dawo. Abin da ya ba ni mamaki, ni da na san bakin matan unguwar nan, shi ne ba wadda ta ƙara masa gishiri. Yadda ya fita haka ya dawo. A rijiya aka bar shewa. Wata tsohuwa ta je ta kwance akuyarta daga jikin kargon ba tare da an ce mata ba. Masu yi wa Baffa tsiyar ƙirga suka riƙa wucewa ta ƙofarsa suna rage murya.

Bayan la'asar aka ga Malam Sabitu a Gyara shi kaɗai, yana taka faɗin filin yana ƙirgawa. Ya je, ya dawo, ya sake. Liman Ladan ya same shi a nan.

"Malam Sabitu, wurin da aka riga aka sa mutum, ai ya zama abin da ya zama tun kafin a haifi takardarka."

"Na sani, Allah gafarta Malam. Matata ta karanta mini tun a kan abinci." Ya share gumi. "Ni aikina in hana a taɓa abin da ke cikin taswira. Abin da babu shi a ciki, ban ga inda aka ba ni ikon hana shi ba."

Ya sa leburori suka cike ramin, suka ɗauki ƙarfen tuta suka yi kasuwa da shi.

Daga nan ya wuce gidan Baffa. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa gefen tabarma. Liatu tana nan, ta kawo wani kunun. Tsohon ya buɗe ido da ƙyar.

"Baffa, tutar nan mun ga ta fi kyau a kasuwa."

Baffa ya dube shi, ya juya ido kan Liatu. Ita kuwa ta duƙufa tana fifita kunu kamar ranar aka ɗora mata aikin.

"Kai," ya ce mata. "Bakinka."

"Ni, Baffa? Me na ce?"

Wani abu mai kama da dariya ya motsa a ƙirjinsa, ya zama tari. Da ya lafa, Malam Sabitu ya matso.

"Na sake duba awonku, Baffa. Na taka da ƙafata. Daidai yake."

Tsohon ya lumshe ido. "Miyetti," ya ce, godiyarsu ta Fulani ke nan. Bai ƙara wata magana da wani baƙo ba.

Ya cika ran Juma'a da hantsi, ana jin 'yan makaranta daga nesa suna gwajin maci na gobe. 'Ya'yansa sun iso tun asuba, sun same shi da rai. Inna Kubura ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta fito ta ce wa Liatu, "Maƙwabcinki ya tafi," ta koma ta ɗora ruwa.

Unguwa ta fito kaf, na masallaci da na coci. Tsofaffin sojoji suka kawo diga da shebur, Irmiya ya sare itacen rufi. Liman ya zaro kara daga dangar gidan, ya shiga ɗaki ya gwada tsawon mamaci, ya karya daidai, ya ba Malam Sabitu ya kai wa masu haƙa. Mutumin da ya auna unguwa guda da sarƙar ƙarfe, da karan dawa aka auna shi.

Sai maza suka yi cirko-cirko a gindin kargo. Ba wanda ya san inda za a sa diga. Taku ɗaya na kuskure, a taɓa abin da tsohon ya tsare shekara da shekaru. Bakari bai sani ba, ba a haife shi ba a lokacin. Aka aiko cikin gida a tambaya.

Inna Kubura ta tashi ta je jikin danga ta zaro wani karan. Ta riƙe shi a tsaye a gabanta, ta sauke tafin hannu a hankali har ya zo daidai cinyarta, inda kan yaro mai koyon tafiya yake kaiwa in ya kama zanen uwarsa. Nan ta karya.

"Ki ce su aza wannan a gindin kargo, ta yamma, kai kudu," ta ce wa Liatu. "Su bar taku ɗaya. Sannan nasa."

Liatu ta karɓa da hannu biyu. Ta kai har bakin fili, inda mata ke tsayawa, ta miƙa wa Malam Sabitu, ta faɗa masa yadda aka ce, ba ƙari ba ragi. Ya je ya tsuguna da farar rigarsa ya aza shi. Ya yi taku ɗaya yamma, ya aza dogon. Liman ya duba, ya gyaɗa kai: in aka kwantar da tsohon a kan damansa, fuska gabas, ƙaramin karan ne a gabansa.

Ba a fara haƙa nan take ba. Masu diga suka ɗan tsaya. Liatu ta waiwaya, ta hango Inna Kubura ta leƙo ta saman danga, hannunta ɗaya a kan baki, tana kallon kara biyu kwance a cikin ɗanyar ciyawa, dogo da gajere, gefe da gefe.